Yadda ake gano kufan manoman zamanin Rumawa a Birtaniya, a auna shi, a kare shi ba tare da an tona ƙasa ba

Rumawa sun shiga Birtaniya a shekara ta 43 miladiyya, mulkinsu ya ƙare wajen 410. A duk tsawon wannan lokaci mafi yawan mutanen ƙasar ba a birni suke ba, ba kuma a manyan gidajen masu hali ba. Manoma ne da makiyaya, suna zaune a ƙananan gidajen gona da ƙauyuka, suna noman alkama da sha'ir da wake, suna kiwon shanu da tumaki. Abin da suka bari a bayan ƙasa ba shi da tsayi: gaɓar da ba ta kai gwiwa ba, daɓen ɗaki da ciyawa ta rufe, burtalin da ƙafa ta cinye. Wanda bai san abin da yake nema ba zai bi ta kai ya wuce bai ga komai ba. Ga yadda ake aikin daki-daki, da ido da tef ɗin awo da fensir, domin a irin waɗannan wurare shebur shi ne abu na ƙarshe da ake ɗauka, sau da yawa ma doka ta hana.

Fara sanin abin da kake nema

Siffar kufan tana bin irin ƙasar yankin. A tuddan alli na kudancin Ingila, wato Filin Salisbury da tuddan Marlborough da Cranborne Chase, komai da ƙasa aka yi shi. A Chisenbury Warren akwai titi guda mai tsawon kimanin mita 500, da daɓen ɗakuna kusan 80 jere a gefensa. A Charlton Down ƙauyen ya haura hekta 20, daɓen ɗakunansa sun fi 200. Dalilin da ya sa waɗannan ƙauyuka biyu suka tsira shi ne suna cikin Filin Salisbury, wanda sojoji suka fara saye tun 1897, garmar zamani ba ta samu shiga ba.

A arewa da yamma kuwa dutse ne. A Ewe Close da ke Cumbria, da Greaves Ash a tuddan Cheviot, da Grassington a Yorkshire, za ka ga tushen ɗakuna zagayayyu da gindin katangar garke da iyakokin gonaki na tarin duwatsu. Chysauster a Cornwall tana da gidaje masu tsakar gida, ɗakuna suna buɗewa a cikinta. Din Lligwy a tsibirin Anglesey na Wales katanga ce mai kusurwa biyar, a cikinta ɗakuna biyu zagayayyu da wasu masu kusurwa huɗu, har da inda aka yi ƙira. A fadamun gabashin Ingila kuma kusan babu abin da ya rage a sama, sai dai amfanin gona ya nuna maka abin da ke ƙarƙashinsa.

Gonakin ƙanana ne, kusan murabba'i, yawanci daga kashi ɗaya cikin biyar na hekta zuwa ɗan fiye da rabin hekta. Girman ya dace da garmar katako da shanu biyu ke ja, wadda take tsaga ƙasa kawai ba ta juya ta, don haka akan bi gonar a tsaye a sake bin ta a gicciye. Abin da ya fi nuna iyakarsu shi ne gaɓa, kuma ya kamata ka fahimci yadda take samuwa, domin ba gina ta aka yi ba. Idan ana huɗa a gangare, ƙasar da aka sassauta tana saukowa sannu a hankali ta taru a jikin shingen da ke ƙasan gonar. A ɗaya gefen shingen kuma garmar mai gonar ƙasa tana zaftare gindin tudun. Tarin da ke sama da zaftarewar da ke ƙasa su ne suka haɗu suka ba da gaɓa. Wata ba ta wuce santimita 30 ba, wata kan kai mita 2 ko 3 inda gangaren ya yi tsanani kuma aka daɗe ana noma.

Doka da izini, kafin ka sa takalmi

Dokar kare tsoffin wurare ta farko a Birtaniya ta fito a 1882, kuma Janar Pitt-Rivers, wanda ya tona kufan Woodcutts da Rotherley a shekarun 1880, shi ne sufeto na farko. Wadda ake aiki da ita a Ingila yau ita ce ta 1979. Wurare kusan 20,000 ne ke cikin jerin kariya a Ingila, hukumar Historic England ce ke kula da jerin. A Wales aikin Cadw ne, a Sukotilan kuma Historic Environment Scotland.

Abu uku ne za ka riƙe. Shigar wuri cikin jerin kariya ba ta mayar da shi na jama'a ba. Yawancinsu gonakin mutane ne, sai ka nemi iznin mai ƙasa, in ba a kan hanyar jama'a kake ba ko filin da dokar 2000 ta buɗe wa masu tafiya a ƙasa. Na biyu, tono kowane iri, ko da ramin dirka ne, sai da rubutaccen izini daga sakataren gwamnati mai kula da al'adu, ana nemansa ta hannun Historic England, ba a biyan kuɗi. Lalata wurin da gangan na iya kai mutum ga tara ko ɗaurin da ya kai shekara biyu. Na uku, sashe na 42 na dokar ya hana amfani da na'urar neman ƙarfe a wurin sai da lasisi, kuma lasisin ya shafi na'urorin leƙa ƙarƙashin ƙasa na masu bincike. Kallo da awo da zane ba sa buƙatar iznin hukuma, amma in za ka kafa turaku ka sanar da ita tukuna, ka yi amfani da sirara waɗanda ba sa shiga da zurfi.

A Filin Salisbury akwai ƙarin haɗari. Idan an ɗaga jan tuta ana harbi ne, ba a shiga. Duk wani ƙarfe da ka gani a ƙasa kada ka taɓa, yana iya zama harsashin da bai fashe ba.

Aikin tebur

Kada ka je fili sai ka tara takardu huɗu. Bayanin wurin daga jerin kariya na ƙasa, wanda ke intanet tare da taswirar iyakarsa. Bayanan rumbun tarihin gundumar, inda ake ajiye rahoton duk abin da aka taɓa samu a yankin. Taswirar Ordnance Survey, hukumar taswirar Birtaniya, ta yau mai ma'aunin 1:25,000. Sai tsoffin taswirori: bugun farko na ƙarni na 19, wanda ɗakin karatu na ƙasar Sukotilan ya sa a intanet kyauta, da taswirorin harajin coci na wajen 1840 masu nuna sunan kowace gona da abin da ake yi da ita. Amfanin tsoffin shi ne su fitar maka da abin da ba na da ba ne. Gaɓar da ta bi daidai layin shingen da ke taswirar 1840 mai yiwuwa shingen ne da aka tumɓuke, ba iyakar gonar zamanin Rumawa ba.

Sannan lidar, wato awon tsayin ƙasa da hasken lesa daga jirgin sama. Hukumar kula da muhalli ta Ingila tana bayar da shi kyauta, awo ɗaya a kowane murabba'in mita. Ka sauke nau'in da aka cire bishiyoyi da gine-gine, ka buɗe shi a manhajar taswira ta QGIS, ka sa masa inuwar ƙarya. A nan ne sababbin hannu suke yin kuskuren da ya fi yawa. Manhajar tana haska ƙasar daga arewa maso yamma, daraja 315, rana a tsayin daraja 45, su kuma sai su tsaya a nan. Duk gaɓar da ta miƙe daidai da inda hasken ke fitowa ba ta yin inuwa, ɓacewa take yi ɗungum, sai ka ga gonaki masu gefe biyu kawai. Ka sauke ranar zuwa daraja 15 ko 20, ka juya hasken ta fuskoki huɗu aƙalla, takwas ya fi, ka kwatanta. Da lidar ne aka gano shimfiɗar tsoffin gonaki a ƙarƙashin dazuzzukan South Downs a tsakiyar shekarun 2010. Amma yana da iyaka: inda kurmi ya yi duhu ko ƙaya ta cunkushe hasken ba ya isa ƙasa, manhajar sai ta cike gurbin da kintace, wurin ya fito sumul alhali ba haka yake ba.

Hotunan sama na lokacin zafin Turai suna nuna wani abu dabam. Inda aka taɓa haƙa gwalalo ya cike, ƙasar ta fi zurfi da danshi, sha'ir ko alkama ya fi tsayi ya daɗe yana kore. Inda akwai tushen katanga ko daɓen hanya, shukar takan tsumbure ta bushe da wuri. Manomin da ya taɓa shuka a kufai ya ga yadda dawa ke yin duhu a inda juji ya taɓa zama ya riga ya san dalilin. Alamar ta fi fitowa a Yuni da Yuli, a ƙasa mai tsakuwa ko alli, a shekarar fari irin 1976 da 2018. A laka ba ta cika fitowa ba, don haka rashinta a can ba hujja ba ce cewa babu komai.

Ranar fita

Daga ƙarshen Janairu zuwa farkon Afrilu ne lokacin. Ciyawa ta yi gajarta, ganyen da ke rufe tuddai ya mutu ya kwanta. A kudancin Ingila rana ba ta wuce tsayin daraja 16 da tsakar rana a tsakiyar hunturu, alhali a Yuni tana kai 62, kuma hasken da ke zuwa a kwance shi ne ke fito da gaɓa. Hantsi da la'asar sun fi. Raɓar ƙanƙara ko ɗan siririn dusar ƙanƙara da ta fara narkewa na ƙara taimakawa, domin takan daɗe a cikin kwari bayan ta bar tudu.

Kayan aiki: tef biyu na mita 50 ko 30, ƙaramin tef na mita 5, turaku sirara kamar 20, sandunan awo biyu ko uku na mita 2 masu ja da fari, kamfas, igiya da ɗan ma'aunin daidaito na ruwa da ake rataya mata, dalmar saiti, allo, takardar roba ta zane wadda ruwa ba ya jiƙa ta, fensir mai tauri 4H ko 6H, da kyamara. Mutum uku ne daidai: biyu a kan tef, ɗaya a kan allo.

Kada ka fara awo a sa'ar farko. Ka kewaya wurin gaba ɗaya, sannan ka sake kewayawa ta ɗaya hannun, domin abin da ka gani rana na bayanka ba shi za ka gani ba in tana gabanka. Ka tsuguna ka kalli ƙasa a kwance. In akwai tudu a tsallaken kwari, ka hau ka duba daga can.

Daɓen ɗaki a gangare yana da sashe biyu: bayansa an yanke shi cikin tudu, gabansa an ciko shi da ƙasar da aka yanko. Zagayayyen ɗaki yawanci faɗinsa mita 5 zuwa 10 ne, ƙofarsa gabas ko kudu maso gabas. A tuddan Cheviot za ka lura farfajiyar gaban ɗakuna ta fi su zurfi, domin dabbobi sun tattake ta kuma an yi ta kwashe taki ana kaiwa gona. Burtali shi ne gaɓa biyu ko katanga biyu da suka jera da tazarar 'yan mitoci, suna fitowa daga gidan su ratsa gonaki zuwa makiyaya. Ka bi shi har ƙarshe, shi ne zai nuna maka wace gona ce ta wane gida.

Masu ruɗi suna da yawa. Tumaki da zamewar ƙasa suna yin ƙananan matakala a gangare mai tsanani, amma ba sa haɗuwa su yi kusurwa. Dutsen farar ƙasa na Yorkshire yana da matakalarsa ta halitta. Zoben da kwandon ciyawar shanu ya bari, da tsohon garken tumaki, da ramin da aka ɗebi dutse, da tudun da aka yi wa zomaye a ƙarnonin baya, da ramukan atisayen soja, duk an sha ɗaukar su a matsayin kufai. A hoton sama kuma bututun tsane ruwa suna fitowa a jere da tazara iri ɗaya, tsagewar ƙasa ta zamanin ƙanƙara tana fitowa da kusurwoyi barkatai. Gonar mutane tana da ƙofa da hanyar zuwa gare ta, kuma kusurwoyinta suna amsa juna.

Wane ya hau kan wane

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shi ne abin da na'ura ba ta iya yi maka. Duk inda abu biyu suka haɗu, ka tsaya ka tantance wanda ya riga. Ƙa'idodin kaɗan ne. Abin da ya yanke wani shi ne ya zo daga baya. Abin da ya hau kan wani shi ne ya zo daga baya. Abin da ya zo ya tsaya a jikin wani, ko ya karkata don ya kauce masa, ya tarar da shi ne a wurin. Idan daɓen ɗaki ya ci cikin gaɓar gona, gonar ta riga ɗakin, kuma ta daɗe ana nomanta har gaɓa ta taru. Haka aka gani a ƙauyukan Filin Salisbury: an zaunar da su a kan gonakin da suka girme su.

Daga nan ne za ka gane cewa siffa kaɗai ba ta ba da zamani. Da yawa daga cikin waɗannan gonaki masu murabba'i an shata su tun zamanin tagulla, fiye da shekara dubu kafin Rumawa su zo, aka bar wasu, aka koma wa wasu. Dogayen iyakokin duwatsu na Dartmoor na wajen shekara 1500 kafin miladiyya ne, ba su da alaƙa da Rumawa. Siraran kunyoyi masu faɗin mita 1 zuwa 1.5 da ake gani a Northumberland an same su a ƙarƙashin sansanonin Ganuwar Hadrian, wadda Rumawa suka fara ginawa a arewacin Ingila a 122, ke nan sun riga ta. Manyan kunyoyi masu faɗin mita 5 zuwa 10 da ke ɗan lanƙwasa a ƙarshensu na tsakiyar zamani ne, ɗaruruwan shekaru bayan Rumawa, kuma sau da yawa za ka gan su sun haye tsoffin gaɓoɓi sun dusashe su. A arewa kuwa mutane sun ci gaba da gina zagayayyen ɗaki kafin zuwan Rumawa da lokacinsu, ɗakin bai sauya ba. Wanda ya ga zagaye ya rubuta "na Rumawa" ko "kafin Rumawa" ba tare da wata shaida ba, ya ɓata rumbun bayanai ga duk wanda zai zo bayansa. Ka rubuta jerin abin da ya riga wani, wannan ya fi kintacen shekara daraja nesa ba kusa ba.

Awo

Zaɓi ma'auni tukuna. Ga gida da farfajiyarsa 1:500, inda milimita 2 a takarda ke nufin mita 1 a ƙasa. Ga ƙauye 1:1000. Ga shimfiɗar gonaki 1:2500.

Ka shimfiɗa layin tushe ta tsakiyar wurin, a miƙe, ka ja tef ɗin ya yi tauri, ka kafa turke a kowane ƙarshe. Ka ɗauki alƙiblarsa da kamfas daga kowane gefe; karatun biyu su bambanta da daraja 180, in ba haka ba akwai ƙarfe kusa da kai, waya ko shingen waya. Ka ɗaure ƙarshen layin da abubuwa biyu da ke kan taswira, kamar kusurwar katanga. GPS na waya kan yi kuskuren mita 3 zuwa 5, bai isa ya zama madogara shi kaɗai ba.

Kowane wuri da kake so ka sa a zane, ana auna shi daga layin tushe a kusurwa madaidaiciya. Mutum ɗaya ya riƙe bakin tef na biyu a kan wurin, na biyu ya yi ta lilo da tef ɗin a kan layin tushe. Inda karatun ya fi ƙanƙanta nan ne madaidaiciyar kusurwa. A faɗi lamba biyu, nisan kan layi da nisan gefe, mai allo ya maimaita su da baki kafin ya ɗiga. Kada awon gefe ya wuce mita 15 ko 20. Kuskuren daraja 3 kacal a nisan mita 20 yana kautar da ɗigon fiye da mita 1. In wurin ya fi haka faɗi, ka fitar da layi na biyu da alwatika mai gefen mita 3, 4, 5, ko ma 6, 8, 10 wadda ta fi daidai. Murabba'i mai gefen mita 20 kuwa dole tsakanin kusurwoyinsa ya zama mita 28.28.

Gangare yana cin awo. Tef ɗin mita 30 da aka kwantar a gangaren daraja 10 yana ba da ƙarin kusan santimita 46 a kan nisan gaskiya na taswira. Maganin shi ne a riƙe tef a kwance daidai, a auna gutsure-gutsure, ana sauke dalma a kowane mataki. Iska ma tana lanƙwasa tef, sai a danne shi da turke kowane mita 10.

Kowace gaɓa layi biyu ake ɗauka: inda ƙasa ta fara karyewa a sama, da inda ta daidaita a ƙasa. Ƙafa ta fi ido gane su, ka taka a hankali za ka ji inda gangaren ya sauya. Tsakanin layukan ana jera 'yan zane masu kauri a kai da siririyar jela, kan yana sama jelar tana nuna inda ruwa zai gangara. Masu kauri kusa da juna na nufin gangare mai tsanani, sirara masu tazara na nufin mai sauƙi. Ka kammala zanen kana tsaye a wurin, musamman mahaɗar abubuwa biyu. Abin da aka bari sai an koma gida, hannu ne zai ƙirƙira shi.

A ƙarshe ka ɗauki yanke biyu ko uku a gicciyen manyan gaɓoɓi: igiya a miƙe daidai tsakanin sanduna biyu, a auna daga igiya zuwa ƙasa kowane rabin mita, a zana a 1:50. Kowane hoto a sa sandar awo a ciki, a rubuta inda aka fuskanta.

Tsingaro

A inda zomaye da sauran masu rami suka turo ƙasa, ko inda tumaki suka goge ciyawa, akan ga tsingaro. A wurin da ke da kariya ba a ɗauka. Ka ɗauki hotonsa da ma'auni a gefe, ka sa wurinsa a zane, ka bar shi. Na mai ƙasa ne, kuma amfaninsa yana ga inda yake.

Jan kasko mai sheƙi da ake kawowa daga Gaul, Faransa ta yau, na ƙarni na 1 zuwa tsakiyar na 3 ne. Baƙar tukunyar girki mai gogaggen jiki ta yankin Poole a Dorset ta bazu sosai daga wajen 120, kuma zanen raga da ke jikinta yana taimakawa: na farko ramukan ragar a tsaye suke, na baya a kwance. Kwanukan Oxfordshire da New Forest na bayan tsakiyar ƙarni na 3 ne zuwa ƙarshen na 4. Tsingaro manya masu kaifin baki da suka taru wuri guda tare da guntun dutsen niƙa na nuna mazauni. Ƙanana da suka goge, warwatse jefi-jefi a faɗin gona, sun zo ne cikin takin da aka kwaso daga juji, kuma su ne shaidar cewa an noma wannan gonar a wannan zamanin. A arewa tukwanen ba su da yawa ko a wurin da aka tabbatar an zauna lokacin Rumawa.

In ka ga ƙashin mutum, ka tsaya, a kira 'yan sanda. In tarin tsabar kuɗi ne ko zinariya ko azurfa, dokar 1996 ta ba da kwana 14 a kai rahoto.

Na'urar maganaɗisu, in an samu lasisi, tana nuna gwalalo da ramuka da murhun busar da hatsi. Akan bi layuka masu tazarar mita 1, ana ɗaukar karatu kowane santimita 25. Mai riƙe da ita kada ya sa komai na ƙarfe, har zif da ƙusar takalmi, kuma kusa da shingen waya ko a kan dutsen aman wuta ba ta ba da abin kirki. Tushen katanga kuwa na'urar auna juriyar ƙasa ga lantarki ta fi nuna shi.

Ga mai gonar da kufai ke cikinta

Ciyawa da tumaki ne suka kawo waɗannan wurare har yau, garma ce ta cinye sauran. A wurin da ke cikin jerin kariya, umarnin gwamnati na 1994 ya yarda a ci gaba da irin noman da aka yi bisa ƙa'ida a daidai wurin cikin shekara shida da suka gabata, amma ban da ƙara zurfin huɗa, ban da fasa ƙasan ƙasa, ban da haƙa magudana, ban da dasa bishiya ko tumɓuke ta. A inda ba a huɗa, ba a taɓa ƙasa fiye da milimita 300. Sai dai huɗa a zurfi ɗaya ma tana ci: a gangare ƙasar sama tana raguwa kowace shekara, bakin garma sai ya riƙa isa sabon wuri. In ka ga farin alli ko sabon tsingaro mai kaifi a bayan garma, ɓarna tana gudana. Abin da ya fi shi ne a mayar da wurin makiyaya, a shuka ciyawa ba tare da huɗa mai zurfi ba. Shirye-shiryen tallafin muhalli na gwamnati suna biyan manoma don haka.

Kiwon ma da gwargwado. In ya yi kaɗan ƙaya da bishiyoyi su tsiro, saiwarsu ta wargaza daɓe, guguwa ta tumɓuke su da ƙasar gindinsu. In ya yi yawa, musamman shanu a lokacin jiƙa, kofato ya mayar da gaɓa taɓo. Kwandon ciyawa da kwamin ruwa da dutsen lasa a ajiye su a wajen iyakar kufan. Tarakta kada ta ratsa in ƙasa na da danshi. Ƙaya a sare ta daga gindi, a shafa wa kututturen magani, a bar saiwar ta ruɓe a inda take, a kwashe reshen a ƙone can waje, domin wuta a kan kufai tana gurɓata karatun maganaɗisu. Biraken, tsiron da ke mamaye tuddan arewa da yamma, saiwarsa na ratsa ƙasa ta dagula shimfiɗunta. Sara sau biyu a shekara, shekaru a jere, shi ke raunana shi. Zomaye ana iya rage su, amma dagen Turai dokar 1992 ta kare shi da raminsa, sai da lasisi na dabam. Inda tumaki suka goge gaɓa ta yi ciwo, da iznin hukuma akan shimfiɗa ƙyalle mai barin ruwa ya wuce domin ya raba tsohuwar ƙasa da sabuwa, a cike da ƙasar da ba ta da tsingaro, a shuka ciyawa, a killace har ta kama.

Zanen da ka gama ka sa masa kibiyar arewa, da ma'auni, da lambar wurin a taswirar ƙasa, da kwanan wata, da sunan masu awo. Ka haɗa shi da bayani na shafi ɗaya ko biyu wanda ya raba abin da aka gani da abin da ake zato, da jerin abin da ya riga wani, da halin da wurin ke ciki: ramukan zomaye nawa, ƙaya ta rufe kashi nawa, ina ƙasa ta buɗe. Kwafi ɗaya ga mai ƙasa, ɗaya ga rumbun tarihin gunduma, ɗaya ga Historic England in wurin na cikin jerin kariya. In gonakin sun zarce iyakar da aka shata a jerin, abin da ke faruwa sau da yawa domin tsoffin shatoci gidan kawai suka kewaye, ka nuna hakan a fili a kan taswira, domin da irin wannan shaidar ake neman a faɗaɗa iyakar.